Akin da Aka Buɗe da Wuƙa

Akwai wata maƙwabciyata, Mis Icilda, a ƙauyenmu na kan tudun Portland. Ko shinge babu tsakaninmu, sai bishiyar aki guda ɗaya, mai 'ya'yan da muke dafawa da kifi in sun nuna sun tsage da kansu. Tare muka tsufa, kuma abin nan a gabana aka yi shi.

'Yarta ɗaya ce, Novlette. Tana 'yar shekara tara aka kai ta Toronto wurin ƙanwar babanta. Shekara ashirin da biyu sai murya a waya. Wata rana ta dawo, ta ce ranar Lahadi saurayinta Carlton zai zo daga Kingston da mahaifiyarsa, Mis Hyacinth, a ci abinci a san juna.

Icilda ba ta ƙara zama ba. Tun Asabar ta jiƙa jan wake, ta jiƙa kifin gishiri, ta sa aka yanka akuya. Lahadi daga coci ko hula ba ta cire ba ta hau gogar kwakwa, har ta haɗa da ɗan yatsa. Shinkafa da wake suna dahuwa a ruwan kwakwa, attarugu guda yana yawo a sama ba a fasa shi ba. Burinta ɗaya, 'yarta ta zauna a teburinta ba tare da jin kunyarta ba.

Novlette ta leƙo kicin ta ce, "Mama, aki da kifi ni zan dafa. Uwar Carlton tana son shi, ina so ta ci daga hannuna."

"To 'yata. Amma huɗu ne kawai suka buɗe a bishiya. Sauran ki bar su."

"Huɗu? Wa zai ƙoshi da huɗu?"

"Akin da bai buɗe baki da kansa ba guba ne. Amai yake sa mutum har ya mutu."

Novlette ta yi dariya. "Ku dai da camfi. A can na gwangwani muke ci, ban ga wanda ya mutu ba. Ki je ki canza rigar nan, warin hayaƙi kike yi."

Icilda ta tafi wanka. Ita kuwa yarinya ta tsinko kwando guda, ta bi su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, ta watsar da ɓawon bayan kicin.

Sai da baƙi suka zauna Icilda ta zagaya baya zubar da ruwa, ta ga ɓawon. Kowanne da sawun wuƙa.

Ta shigo da sauri, Carlton ya ɗaga cokali ke nan. Ta janye farantin daga gabansa, ta ɗauke kwanon akin gaba ɗaya, ta juye a rami ta rufe da ƙasa, don kada kaji ma su taɓa.

Da ta dawo, don ta rufa wa 'yarta asiri, sai ta ce, "Ku gafarce ni. Ni na manta ban jiƙa kifin ba, gishiri ya yi yawa."

Novlette ta san gaskiya sarai. Amma ta juya wurin baƙi tana murmushi ta ce, "Ku yi haƙuri, tsufa ne ya fara taɓa mata kai. Dama ina neman gidan da za a riƙa kula da ita."

Ina tsaye bakin ƙofa da farantin soyayyar ayaba. Icilda ta hau gyara farantan kan teburi.

Mis Hyacinth ta tashi wanke hannu a famfon baya. Ta dawo riƙe da ɓawo ɗaya, ta ajiye kan teburi.

"Wa ya sa wa wannan wuƙa?"

Ta juya ta dubi Novlette.

"Yarinya, kada ki ga takalmin nan, ni ma a ƙauye na tashi. Irin wannan akin ne ya kashe ƙanwata. Rashin sani ana koya wa mutum. Amma kin san me ta yi miki, kika ce ta haukace. Gobe ni ce tsohuwar gidanki."

Ta jawo kujera kusa da Icilda ta ce, "Yaya, zubo mini shinkafar nan, tun daga mota nake jin ƙamshinta." Ta ci, ta ƙara, ta yi godiya, ta tafi da ɗanta. Ba a yi auren ba.

Kuna tsammani Novlette ta durƙusa neman gafara? Ranar Talata ta ja akwatinta ta ce wa uwarta, "Kin huta, kin kunyata ni."

Shekara uku ke nan, ko wayar ma ta daina. Icilda har yanzu tana jiƙa wake duk Asabar, tana ajiye faranti ɗaya da babu mai shi. Na ce mata, "Ke, daina wahalar da kanki."

Ta ce, "In ta zo da yunwa fa?"

Ni nake zuwa in cinye, don kada ta ga an mayar da shi tukunya.

Darasi: Tsohuwar da kike jin kunyar warin hayaƙinta ta san abin da ke kisa a tukunya, kuma ita ce za ta ɗauki laifinki ta ɗora wa kanta. Kada ku wulaƙanta iyayenku don baƙo ya yaba muku, baƙon ma kallonku yake. Ku tura wa duk wanda uwarsa ke raye, ya kira ta yau.