Goran Irin Inna Tabawa

Ƙawata Ladidi, matso kusa ki ji wannan, ki taya ni tunani.

A wani ƙauye can gabas, inda kanwa ke tsattsafowa daga ƙasa, akwai wata dattijuwa, Inna Tabawa. Tana da irin farin riɗi da ta gada wurin mahaifiyarta, kuma a gidansu mutum ɗaya tak ake damƙa wa goran iri. Bana ta juye goran kaf ta shuka. Riɗi ya tsiro, sai ya tsaya cak, ganye ya yi rawaya, gefensa ya ƙone. In ya mutu, irin ya tafi ke nan. Kullum da safe takan tsaya bakin gona, ba ta cewa komai sai "Allah, Ka gani."

Ɗanta Ilu ya tarar maƙwabta sun kawo taki za su zuba a gindi. Ya durƙusa, ya ɗanɗana ƙasar, ya tofar. "Inna, kanwa ce ta kama saiwar. Aka ƙara mata taki, ƙonewa za ta yi." Ya hana.

'Yarta Barira, da ke aure a birni, ta bi malaman gona da tambaya har ta samo takin ruwa da ake fesa wa ganye. Ta taho da shi da kanta. "Tunda bakinsa ya toshe, Inna, ta ganye za mu shayar da shi."

Aka aro injin feshi, Ilu har zai zuba. Hansatu, matar ƙaninsa, ta shinshina tankin. "Haba Yaya, riɗin za ku raya ko jana'izarsa za ku yi? Maganin ciyawa aka fesa da wannan!" Ta wanke shi tas da sabulu. Ta ƙi ruwan rijiya don shi ma zartsi ne, ta juye ruwan saman da ta tara a randarta, ta sa aka jira rana ta yi sanyi, sannan aka fesa.

Ba a jima ba ganye ya dawo kore shar. Ranar da Inna ta ga fure, nan kan kunyar gona ta zauna tana hawaye tana alhamdu lillahi. Da kaka goran ya cika har wuya.

Yanzu ƙarfinta ya ƙare, tana so ta miƙa shi, ta rasa hannun da za ta sa wa. Don Allah ki bar zancen a cikinki, su ukun ba su sani ba tukuna. Amma ke, tsakaninki da Allah, wa ya fi cancantar goran nan?