Wafel Ɗin Da Ya Yage

Akwai wani dattijo a layinmu nan garin Tielt mai suna Gust, tsohon direban bas ne da ya daɗe da ajiye aiki. Ba don shi aka san gidan ba, don matarsa Irma ne. Duk ranar Lahadi da yamma in ka bi ta ƙofarsu, ƙamshin man shanu da yis zai tare ka, ka san Irma ta ɗora ƙarfen wafel a wuta, wato wani irin kek mai gida-gida da ake gasawa a tsakanin ƙarfe biyu.

Wafel ɗinta bayansa garas-garas yake, cikinsa kuwa taushi kamar auduga. Ɗaya-ɗaya yake fitowa daga ƙarfen, kuma ba ya jiran kowa, da ya huce ya saki. Shi ya sa kowa ke zaune a tebur, ita tana kai-kawo tsakaninsu da murhu. Gust ake fara miƙa wa, ya barbaɗa sukari, ya ci yana karanta labarin tseren keke a jarida. Haka suka tsufa.

Sai ciwon mantuwa ya kama Irma. Da farko makulli take nema, sai ta koma neman sunayen maƙwabta. Wata rana ta kunna gas ta fita lambu ta bar shi yana tsiyaya. Tun daga ranar Gust ya kulle kicin, ya sa makullin a aljihunsa.

Girki ya dawo kansa, wanki ya dawo kansa, shi ke mata wanka, shi ke taje mata kai. Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Ya rame, ya yi zuru-zuru, in ka gaishe shi sai ya ɗan jima kafin ya gane da shi kake. Ban taɓa ganin gajiya a fuskar mutum irin tasa ba.

Duk wannan ya jure. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne da ta daina cin abinci. Ya kawo miya ta ture, ya kawo dankali ta ture. In ya matsa sai ta kurɓi shayi, ta gutsiri burodi kamar tsuntsu, ta kau da kai.

Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ɗora ta a sikeli, sannan ta gaya masa gaskiya. In ramar nan ta ci gaba, zamanta a gida ya ƙare, sai gidan kula da tsofaffi inda za a riƙa ciyar da ita. 'Yarsu Veerle da ke zaune a birnin Gent ta goyi bayan nas. Ba rashin tausayi ba ne, tana ganin ubanta zai riga uwar faɗuwa.

Gust yana da maƙwabci mai suna Remi, wanda matarsa ta rasu, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya ce masa ya gwada wafel, ai abin da mutum ya yi rayuwarsa yana yi ba zai ture shi ba.

Gust ya ce shi bai iya ba.

Remi ya ce, "Ka ci na cikin motar tifa, a ce ba ka iya ba? Kai dai baki ka kawo duniya."

Matsalar ita ce Irma ba ta taɓa aunawa da komai ba sai ido da hannu, kuma yanzu ba a tambayarta. Gust ya sauko da tsohon ƙarfen nan mai baki biyu da ta gada a wurin uwarta. Ya zuba fulawa da madara da ƙwai a kwano ɗaya, ya gauraya, ya zuba a ƙarfe nan take. Abin da ya fito ko wuƙa sai da ta yi da gaske. Remi ya tauna, ya tauna, ya ce a liƙa shi a ƙasan takalmi, zai kai mutum Gent ya dawo.

Gust bai yi dariya ba. Ya zauna ya yi ta tunanin abin da ya riƙa gani a ranakun Lahadi bai kula ba. Sai ya tuna wani kwano rufe da tsumma da ke zama kusa da hitar ɗumama ɗaki, wanda yake ta mita a kansa wai ya tare masa wurin shanya safa. Ashe ƙullin ne ake bari ya tashi. Ya kuma tuna ƙarar kaɗa abu da ke hana shi jin rediyo. Ashe farin ƙwai take warewa daga gwaiduwa, ta kaɗa shi shi kaɗai har ya yi kumfa ya tsaya, sannan ta juya shi cikin ƙullin a hankali.

Ya sake gwadawa. Ƙulli ya tashi, amma gaggawa ta sa ya buɗe ƙarfen da wuri, wafel ya rabe biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Wani karon ya fito daidai, sai ya jera su kan juna ya rufe da faranti don kada su huce, kafin ya kai mata sun yi laɓe-laɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Remi ne ke cinye asarar, yana ci yana zagi.

Makonni suka wuce a haka. Bayansa na ciwo, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ran nan dai abin ya zo. Ya narka man shanu ya bari ya ɗan huce kafin ya zuba, ya bar ƙulli ya kumbura, ya bar ƙarfe ya yi zafi sosai, bai buɗe ba sai da tururi ya ragu. Remi ya gatsa, aka ji garas, ya cinye ba tare da zagi ko ɗaya ba, a karon farko tun da na san shi.

Gust ya ɗora a faranti ya kai mata da zafinsa. Irma ta shaƙi ƙamshin, fuskarta ta saki, ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba. Sai ta sa yatsu biyu ta tura farantin gaban kujerar da ba kowa a kai.

"A ba yara tukuna," in ji ta.

Ya ce yara sun girma, Irma, naki ne. Ta sake turawa. Ya zauna yana kallon wafel ɗin har ya huce ya saki. Daga baya ya gaya mini a ranar ce ya ji ya gaji da komai, har da ita, kuma ya ji kunyar hakan.

Ranar Lahadi Veerle ta zo ita da mijinta. Ta ce an sami gurbi a wani gida mai kyau kusa da ita, ana so a ba da amsa cikin makon. Gust bai yi musu ba, ƙarfin musun ma babu. Ya ce to, amma a bar shi ya ƙara gwadawa sau ɗaya, wataƙila abin da yake sawa a kai ne ba ta so.

Ya tambayi 'yar, "Wai mamanki da me take cin nata? Sukari ko kirim?"

 Veerle ta ce ai shi ya kamata ya sani, shi ne mijin. Ya ce ita ce 'yar. Suka tsaya suna kallon juna. Shekaru sun fi hamsin ana cin wafel a gidan nan, babu ɗayansu da zai iya cewa ya taɓa ganin Irma zaune da nata farantin.

Can Veerle ta ce ta tuna wani abu. Tana ƙarama ta taɓa shiga kicin neman ruwa bayan kowa ya tashi daga tebur, ta tarar da uwar a tsaye gaban murhu. Wanda ya fara fitowa take ci, wanda kullum yake kamawa ya yage, ya riga ya yi sanyi, tana haɗawa da ɓarɓashin da ta kankare a bakin ƙarfe.

Sai Gust ya gane. Ciwon ya cinye sunaye, ya cinye ranaku, amma bai cinye wannan ba. Matar nan ba ta cin abinci sai gida ya ƙoshi. Shi kuwa tun da ta kwanta, ita yake fara zuba wa, ya tsaya a kanta da cokali, nasa cikin ba komai.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin kicin. Veerle ta ce, "Baba, gas fa." Ya ce yana nan, hannunsa ba zai bar mariƙin ƙarfen ba. Ya aiki surukinsa ya kira Remi, ya ce ya zo da yunwarsa.

Aka ɗaura wa Irma tsohon gyalen girkinta a ƙugu, aka kawo ta gaban murhu, Gust na tallafe da ita. Da ta ga ƙullin da ya kwaɓa ya bari ya tashi, ta ɗaga ludayi ta bar shi ya zuba, ta gyaɗa kai. Ya shafa man shanu, ya zuba, ya rufe, ya juya ƙarfen. Da ya kai hannu zai leƙa, sai ji ya yi Irma ta ɗaka masa duka a bayan hannu.

"Tururi bai ɗauke ba. Kai kullum gaggawa."

Na farko ya kama, kamar kullum. Ta kankare shi ta ajiye a gefe. Sauran suka riƙa fitowa jajaye, ita ke nuna wanda za a kai wa. Veerle, wadda Irma ta manta sunanta tun bara, ita ta nuna ta ce a ƙara wa sukari, wai yarinyar nan ba ta ci sai da zaƙi. Veerle ta sunkuyar da kai tana ci tana share ido.

Suka ci har suka gaji. Remi ya kwance bel, ya ce ko a daina ko a kira masa motar asibiti. Irma ta leƙo ta dubi teburin, ta tambaya ko kowa ya ƙoshi. Suka ce sun ƙoshi. Ta sake tambaya, suka sake amsawa.

Sai ta juya ta miƙa hannu ga yagaggen nan mai sanyi.

A daidai lokacin Gust ya buɗe ƙarfe a kan na ƙarshe. Ya fito cikakke, ko kusurwa ɗaya bai gutsire ba, ya fi duk na ranar kyau. Ya dube shi, ya dubi matarsa. Ya sa cokali mai yatsu ya tsarge shi biyu da gangan.

Ya ce, "Kash, wannan ma ya yage. Bari in zubar."

"Ka zubar da me? Kawo nan, kada a yi asara."

Ta karɓa a tsaye, tana hura shi. Ta gatsa, aka ji garas har tebur. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta ƙara.  Da ta cinye rabin, ta dubi ragowar da ke hannunta da mamaki.

Ta ce, "Ashe haka yake da zafinsa."

Gust ya juya ya fuskanci bango, ya yi kamar yana goge murhu. Ya daɗe yana goge wuri ɗaya.

Ba zan ce muku ta warke ba, wannan ciwon ba ya warkewa. Amma ta ci gaba da cin abinci. Gust ya gane hanyar, ko miya ce ko dankali, shi zai fara zama ya ci a gabanta, ya ce ya ƙoshi, ya nuna mata ragowa ya ce za a zubar. Remi ya zama ɗan gida, kullum yana tebur, ya yi tumbi yana ɗora wa Irma laifi. Veerle ta ba da amsa cewa a ba wani mai buƙata gurbin, ita kuma ta riƙa zuwa duk ƙarshen mako don uban ya samu ya runtsa.

Gust har yanzu a gajiye yake, ban ga ranar da zai huta ba. Sai dai duk Lahadi da yamma ƙamshin nan ya dawo layinmu, kuma duk Lahadi wafel mafi kyau yana yagewa a hannunsa.

Darasi: A kowane gida akwai wanda ke tsaye a bakin murhu yayin da saura ke zaune, kuma mun saba da shi har ba ma ganinsa. Kada ka jira sai ciwo ko tsufa sun zo kafin ka tambayi me yake so, ko ya ci, ko ya huta. Kula da mara lafiya kuma haƙuri yake so da lura, ka san halin da ya rayu a kai, ka bi da shi ta nan. Yau in an kawo maka abinci, ka dubi hannun da ya miƙo, ka ce ya zauna ku ci tare da zafinsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda kullum su ake fara zuba wa.