Tartsatsin Maƙerar Jatau

Dalilin da ya sa taurari ke zubowa a wasu dararen sanyi, kuma ba ku ganinsu sai kun kashe fitila, ku matso ku ji, jikokina.

A da can, sama kusa take, daga kan dutsen bayan gari ake taka ta. Wata rana Wata ya aiko a kira Jatau maƙeri, wai ƙusoshin da ke riƙe da taurari sun yi tsatsa. Jatau ya ɗauki guduma da zugazugi, ya ce wa matarsa Kande, "Kwana uku zan yi."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, maigida."

Ran na uku ƙarfe ya ƙare masa. Ya leƙo, ya ga wani turken ƙarfe a kan dutsen, ya tumɓuke. Ashe turken da aka ɗaure sama ne! Kafin ya ankara ta yi sama da shi, har gari ya koma kamar ƙwayar gero.

Kande ta yi kuka har ta gaji. Kullum magariba sai ta hau dutsen, ta hura ƙatuwar wuta don ya gane hanyar gida. Shi kuwa can yana ta dukan jan ƙarfe, tartsatsi na zubowa, don ta san yana da rai. Amma hasken wutarta ya hana ta gani.

Shekara uku ana haka. Wata rana ciwon baya ya hana ta yin itace. Ta lallaɓa ta hau dutsen hannu wofi, ta kwanta rigingine cikin duhu, ta ce, "Maigida, yafe mini, yau ba wuta."

Ta daɗe a kwance. Gab da asuba sai ga tartsatsi ya gifta. Ga wani, ga wani! Uku a jere, sannan shiru, daidai yadda yake dukan garma a gida.

Ta tashi zaune tana dariya da hawaye. "Na gani, maigida! Ka huta haka nan."

Bai dawo ba. Gawayi kuma wuya yake yi a sama, sai ya daɗe yana tarawa kafin ya hura wuta sosai.

Shi ya sa har yau, in daren zubarsu ya zo, sai ku nisanci hasken gari, ku shimfiɗa tabarma, ku lulluɓa. Kada ku ƙosa, ƙarfe ba ya ja da wuri. In kun ga na fari kuma, ku ce masa sannu da aiki.