Mawaƙin Da Ya Toshe Lambar Mai Gurminsa

Akwai wani mawaƙi ɗan Maradi mai suna Tankari. Shi ne ya haɗa kiɗan gurmi na gida da jita mai lantarki, ya fito da wani salo da ya sa tsofaffi gyaɗa kai, samari kuma tsalle. Shekara ashirin yana waƙa. Sau uku ana zaɓensa gwarzon mawaƙan shekara, ya hau dandamali a ƙasashe goma sha ɗaya, har wata jami'a ta ba shi digirin girmamawa. Falonsa kuwa, bango guda lambobin yabo ne.

Amma fa ba shi kaɗai ya faro ba. Tare suka taso da abokinsa Souleymane, wanda kowa ke kira Sule. Sule ne mai gurmi, shi ke ƙirƙiro kiɗan, Tankari ya ɗora baiti a kai.

Da suna ya fara fita, sai wani mai shirya wasanni ya ce wai mai gurmi da ke zama a ƙasa cikin tsohuwar riga yana ɓata dandamali. Tankari ko musu bai yi ba. Ya naɗi gurmin Sule a na'ura, ya hau jirgi ya bar shi a Maradi. Da aka tambaye shi a rediyo wa ke tsara masa kiɗa, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Ni kaɗai ne, baiwa ce daga Allah."

Kai jama'a! Sule yana zaune a gindin rediyo ya ji wannan da kunnensa. Ya bi wani kawunsa ɗan kasuwa zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya zama mai sayo wa mutane kaya yana aika musu gida.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana saƙonnin murya suka fara shigowa wayar Tankari daga Sule, yau ɗaya, gobe biyu. Tankari ya yi tsaki, ya ce, "Ya ga na yi suna ne, zai zo ya raɓe ni." Ko ɗaya bai saurara ba. Ya goge su, ya toshe lambar.

To, ita na'ura ba ta ƙirƙirar sabon kiɗa. Tsofaffin naɗin Sule suka ƙare, Tankari ya gwada masu gurmi huɗu, babu wanda ya kama ƙafar abokinsa. Ya fitar da kundin waƙoƙi biyu, duk suka wuce shiru. A ransa ya san in ba Sule ya dawo ba, waƙarsa ta mutu.

Ana haka sai 'yan kasuwar Kano da Maradi mazauna Guangzhou suka gayyace shi, za su karrama shi kan cika shekara ashirin yana waƙa. Ya amsa da sauri, ba don karramawar ba, sai don ya nemo Sule su yi kundi ɗaya tare.

Alhaji Ilu, wani dattijo Bakano mai barkwanci, shi ya tarbe shi. A mota Tankari ya shiga lissafa masa lambobin yabonsa ɗaya bayan ɗaya, har da nauyin kowacce.

Alhaji Ilu ya yi dariya ya ce, "Malam Tankari, ai a nan garin ake buga su. Katan-katan muke lodawa. Kuma mutumin naka, Sule, shi ne mai wannan harkar."

Tankari ya ce, "Alhaji, don Allah kai ni wurinsa."

Washegari da hantsi suka hau wani dogon bene a kan titin Huanshi, hawa na tara. Ofis ne ƙarami, cike da kofuna masu ruwan zinare da allunan gilashi waɗanda ba a rubuta sunan kowa a kai ba tukuna. Wani Basine mai kawo kaya yana fita yana cewa, "Lawban, sai gobe," wato maigida. Maigidan kuwa Sule ne, ya yi furfura, yana zaune a bayan tebur.

"Tankari! Kai ne a Cana? Marhabin, zauna."

Babu fushi a muryarsa, wannan ne ma ya fi damun Tankari. Suka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Sule ya nuna kayan da haɓarsa ya ce, "Naka guda shida ta nan suka wuce. Ni da kaina nake tsayawa a naɗe su da kyau, kada su fashe a hanya."

Kunya ta rufe Tankari. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sule, na zalunce ka. Na zo ne ka yafe mini. Ka ɗauko gurminka mu koma yadda muke. Wallahi wannan karon sunanka ne zai zo gaban nawa."

"Yafiya kam na yafe tun tuni," in ji Sule. "Amma saƙonnin da na turo maka, ka saurara kuwa?"

Tankari ya girgiza kai.

Sai Sule ya sa hannun hagu ya ɗago hannunsa na dama daga kan cinyarsa, ya ajiye shi a kan tebur. Hannun ya rame, yatsun sun lanƙwashe, ba sa motsi.

"Ciwon jijiya ne. Likitocin nan suka ce mini saura kamar shekara ɗaya hannun ya shanye. Ina da kiɗa tara da na tsara don muryarka. Shi ne na riƙa turo maka, ina cewa ka zo mu naɗa tun hannun yana aiki. Ba komai nake nema a wurinka ba. Wata goma sha ɗaya ina jiranka."

"Naɗin fa? Ba ka ajiye ba?"

"Ranar da yatsun suka tsaya, baƙin ciki ya sa na goge komai. Na ce tunda mai su bai so ba, wa zan ajiye wa? Ni ma na yi nadamar hakan."

Tankari ya fashe da kuka, ƙato da shi, a gaban Alhaji Ilu. Ya ce, "Ko ɗaya, Sule. Ko ɗaya ka jiyar da ni."

Sule ya lumshe ido, ya fara rera kiɗan da baki, a hankali. Tun daga farko Tankari ya gane bai taɓa samun kiɗa mai daɗin wannan ba a duk shekarunsa ashirin. Sule ya kai tsakiya sai ya tsaya, ya sake farowa, ya sake tsayawa a wuri guda.

Ya buɗe ido ya ce, "Ragowar a yatsuna take, ba a kaina ba. Ta tafi da su."

Da la'asar aka yi taron karramawa. Aka miƙa wa Tankari lambarsa, aka ce ya yi wa jama'a waƙa ɗaya. Ya riƙe makirfo ya ce, "Duk kiɗan da kuka san ni da shi, Souleymane ne ya tsara shi. Ku yi haƙuri, yau ba ni da abin rerawa." Ya sauka. Tun daga ranar bai sake fitar da sabuwar waƙa ba.

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka raina wanda kuka faro tare, kuma kada ka yanke wa mutum hukunci kafin ka saurare shi. Ana iya yafe maka, amma abin da ka bari ya wuce ba lallai ya dawo ba. In akwai wanda ka toshe saboda girman kai, buɗe ka kira shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya farga tun da sauran lokaci.