Gaurakin Fadamar Jiwa

Akwai wani matashi mai suna Fu'ad, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya a Abuja. Lokacin ne aka fara yayin Facebook, gari kuma sai gine-gine ake ta kowace kusurwa. Shi Fu'ad ba abin da ke ransa sai kyamara da tsuntsaye. Yana cikin wani zaure na Facebook da ake ɗora hoton tsuntsu, mutane su faɗi sunansa, kuma ya tsani a riga shi amsa.

Wata Asabar da damina ya leƙa Jiwa, a bayan garin Abuja. Wani manomi, Baba Ishaya, ya kai shi fadamar da ke bayan gonarsa. Can cikin ciyawa ga gauraki biyu, mace da namiji, da tukkunsu mai ruwan zinariya. Namijin yana ɗingishi, yatsarsa ɗaya ta hagu a karkace take.

"Ɗana, ka ɗauka hoto, amma kada ka faɗa wa kowa wurin," in ji Baba Ishaya. "Suna da ƙwai. Akwai masu kamawa suna kai wa manya."

Fu'ad ya dafa ƙirji. "Baba, wallahi daga ni sai kai."

Daga nesa ya ɗauki hoton, don haka ya fito dishi-dishi. Ya ɗora, ya rubuta: "Gauraka, a dajin Abuja."

Sai Farouk, wanda suka daɗe suna gasa a zauren, ya yi tsalle ya dire. "Oga, wannan ai zalɓe ne, rana ce ta haske masa kai. In ma gauraka ne, to a gidan wani Alhaji ka ɗauka a Maitama. Ka gaishe mana da maigadi."

Aka yi ta dariya. Sumayyah, mai kula da zauren, ta kira shi a waya. "Fu'ad, na ga farin kumatun, na san gauraka ne. Ka ƙyale shi. Don Allah kada ka ɗora wurin."

"Wato in bari a ce na yi ƙarya?"

"Kwana biyu za a manta."

Bai bari ba. Ya koma fadamar ba tare da sanin Baba Ishaya ba, ya kutsa har gaban sheƙar. Ya ɗauki hoton tukkun, ya ɗauki na fari da jan kumatu, ya ɗauki na ƙwan. Sannan ya ɗora su a zauren, ya rubuta kwatance tiryan-tiryan: a wuce Karmo, a bi hanyar gona, bayan bishiyar ɗorawa. Ya ƙara da cewa, "Mai shakka ya je ya gani da idonsa."

Farouk ya ba da haƙuri. Aka fara kiran Fu'ad Farfesa. Kafin Sumayyah ta goge kwatancen, an riga an yaɗa shi ko'ina.

Da ya koma Jiwa, ciyawar a tattake take. Ƙwan a fashe, ƙudaje na bi. Ga gashin tsuntsu maƙale a guntun raga. Baba Ishaya bai amsa gaisuwarsa ba.

"Da mota masu kamawa suka zo, suna duba waya," ya ce. "Macen ta yi ta fizga har wuyanta ya karye. Kai ne ka ce wallahi, ko ba kai ba ne?"

Ya juya ya ci gaba da nomansa.

Bayan damina ta wuce, wata sabuwar 'yar zaure mai suna Clara ta ɗora hoto. Ta je bikin buɗe wani katafaren gida, ta ga tsuntsu yana yawo a kan tayil kusa da janareto. An yanke masa gashin fiffike, tukkun ya kwanta. Ta rubuta: "Don Allah mene ne sunan wannan? Ya yi kyau, amma ba ya cin abinci, kuka kawai yake yi."

Mutane suka yi ta kiran suna: "Ina Farfesa? Farfesa zo ka faɗa mana."

Fu'ad ya buɗe hoton, ya ƙara masa girma. Yatsar hagu a karkace take.

Farouk, wanda bai san abin da ya faru ba, ya rubuta cikin raha: "Wannan karon dai a gidan Alhaji ne, ko Farfesa?"

Fu'ad ya kashe wayarsa. Tun daga ranar ba a sake ganin sunansa a zauren ba, fadamar kuma har yau ba a sake jin kukan gauraka a cikinta ba.

Darasi: Ba kowace gardama ce sai ka ci ba. Fu'ad ya yi gaskiya, amma don a tafa masa ya karya alƙawari, wanda bai ji ba bai gani ba ya ɗauki wahalar. 'Yan'uwa masu ɗaukar hoto, ku faɗi sunan tsuntsu, ku ɓoye sheƙarsa. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya iya haƙuri idan an musa masa.