Fuskar Mama Selina

Akwai wani mutumin kudancin Kaduna mai suna Katung, yana zaune a ƙasar waje, a garin Upper Marlboro kusa da birnin Washington, da matarsa Olive, wajejen 1986. Aikinsa zana taswirar gine-gine a wani ofis da ke unguwar Southwest a Washington, kuma in dai batun fensir ne, hannunsa ba na wasa ba ne.

Mahaifiyarsa, Mama Selina, ta rasu a gida bai samu zuwa jana'iza ba, abin kuwa yana cin ransa. Da shekara ta zagayo sai ya shirya addu'ar tunawa da ita ranar Lahadi bayan an tashi coci, a ajiye hotonta a kan tebur kowa ya gani.

Sai dai hoto ɗaya tak gare shi, ɗan ƙarami irin na fasfo, ya koɗe har ya fara ja. Mai wankin hoto ya ce in aka ƙara masa girma, dishi-dishi kawai za a gani. Katung ya ce shi zai zana ta da hannunsa tun kafin hoton ya gama mutuwa.

Ya zana na farko, ba ita ba ce. Ya sake, ba ita ba ce.

Daga nan zama ya gagare shi. A cikin jirgin ƙasa na Metro ya ciro hoton ya ƙura masa ido, a ofis ya ciro, a gida tuwo ya huce a gabansa. Ya ce laifin takarda ne, ya canza. Ya ce laifin haske ne, ya ja tebur bakin taga. Ya fiƙe fensir har ya koma guntu, ga Lahadi tana ta matsowa. Ido nata, hanci nata, ɗaurin ɗankwali nata, amma matar da ke kan takardar baƙuwa ce.

Olive ta leƙa ta bayansa ta ce, "Baban Edna, ina tsagar da ke kumatunta?"

Ya ce wannan abin mutanen da ne. Abokan aikinsa Turawa za su zo, ba ya so su tsaya suna tambayar wa ya ji mata ciwo a fuska. Olive ta koma kicin. Ka ji mutum, yana neman uwarsa ido rufe, amma shi ne ke goge ta da kansa.

Ranar Asabar da rana Mama Atine, ƙanwar marigayiyar, ta iso a tasi don taya girki. Tana zaune ne wajen 'yarta a unguwar Northwest ta Washington tana renon jikoki. Bayan ya durƙusa ya gaishe ta, Katung ya miƙa mata zanen.

Ta sa tabarau, ta duba, ta ce, "Kyakkyawa kuwa. 'Yar wane gari ce?"

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Ya ce, "Mama, yayarki ce fa."

Tsohuwar ta kama hannunsa ta ɗora a kan nata kumatun, inda irin wannan tsagar take. Sai ta tuna masa ranar da ya ɓata a kasuwar Kafanchan yana ɗan mitsitsi. Ko sunan uwarsa bai iya faɗa ba. Da mutane suka tambaye shi ɗan wane ne, yatsa ya sa yana ja a kumatunsa yana kuka. Wata mai sayar da acca ta gane tsagar garinsu, ta goya shi har gida.

"Da ita ka nemo ta wancan karon," in ji Mama Atine. "Yanzu da me za ka nemo ta?"

Kunya ta rufe Katung. Ya ɗauki guntun fensirin nan, ya ɗora hoton a gefe, ya ja layukan a hankali daga gefen ido zuwa haɓa. Yana gama kunci na biyu ya ture kujera ya miƙe tsaye, don mahaifiyarsa ce ke kallonsa.

Mama Atine ta matso ta daɗe tana dubawa. Can ta gyara zanenta, ta ɗan rusuna, ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya?"

Ranar Lahadi Turawan ofis sun zo, kuma sun yi tambayar da yake tsoro. Shi da kansa ya tsaya gaban hoton ya ba su labarin kasuwar Kafanchan.

Darasi: Kada ka ji kunyar abin da iyayenka suke, ko a wace ƙasa ka samu kanka. Abin da kake ɓoyewa don kada a yi maka dariya, wataƙila shi ne alamar da za ta mayar da kai gida. Ku tura wa 'yan uwa na nesa, musamman waɗanda iyayensu ke raye.