Kafaɗar Aksel Da Kujerar Ganga

Akwai wani makaɗi a birnin Trondheim mai suna Aksel Myrvold. Shi ne mai gangunan wata ƙungiyar kiɗan rok mai zafi. In ya zauna, sai ka rantse aradu ce ta faɗo cikin ɗaki. Ba ya tashi daga wasa sai ya karya sandar kiɗa, gumi ya jiƙe masa gemu.

Ana shirin babban bikin bazara kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa. Likita ya ce ko ya ajiye sanda, ko ya rasa hannun.

Ƙungiya ta ɗauko wata makaɗiya, Ingunn Dahle, ta riƙe masa wuri. Hannunta na da kyau, amma babbar waƙarsu ta gagare ta. Duk inda Aksel yake jan kiɗan baya, ita gaba take yi.

Wata rana a ɗakin gwaji, Terje, mai jita kuma abokin Aksel tun ƙuruciya, ya miƙo masa kofi, ya raɗa masa: "Kai, tsohon bijimi, ja bakinka ka yi shiru. In ta kasa, kujerarka na nan."

Aksel ya ji daɗin maganar, ba ƙarya. Amma da ya ga Ingunn ta sunkuyar da kai, sai ya miƙe.

"Matsa, Ingunn. Sauri kike kamar jirgin ruwa zai tafi ya bar ki! Ja numfashi tukuna, sannan ki sauke sanda."

Kullum sai ya zo, hannu a rataye, yana nuna mata bugun kiɗan da tafin hagu a kan cinyarsa.

Ranar biki Ingunn ta girgiza fili. Aksel na cikin jama'a yana tafi da ƙafa, zuciyarsa na ƙuna. Washegari Oddvar, mawaƙinsu, ya ce ta zauna dindindin.

Ta ce, "A'a. Kujerar nan da mai ita."

Oddvar ya ce, "Mai ita ko cokali ba ya iya ɗagawa sama da kai."

"To wa ya ce da kafaɗa ake kiɗa?"

Ta juyo ga Aksel: "Kai sara kake kamar mai faskare. Zo in nuna maka yadda wuyan hannu ke aiki."

Duk sanyin hunturu suka shafe a ɗakin gwaji. Sandar ta yi ta suɓuce masa, yana tsaki, tana dariya. Kafin ƙanƙara ta narke, Aksel ya dawo kujerarsa, ƙarar tana nan yadda aka san ta, kafaɗa kuma lafiya lau. Ƙungiyar ta ƙi sakin Ingunn. Yanzu ganguna jeri biyu ake girkawa a dandamalinsu.

Darasi: Wanda ka ɗaga yau, shi zai riƙe ka ranar da ƙarfinka ya gaza. Kada tsoron rasa matsayi ya sa ka ɓoye abin da ka sani. Tura wa wani labarin nan, wataƙila yau yake bukatarsa.